Tokar Inna Asta

Duk wanda ya san Uwaisu mai shagon iri da maganin feshi a Gwarzo ya san motarsa, da yawa ma motar suka fara sani kafin su san mai ita. 'Yar Kwatano ce, shuɗiya mai duhu kamar daga marina aka tsamo ta. Ta daɗe a duniya, ta ga hannaye, amma in ka ji yadda Uwaisu ke maganarta sai ka rantse jiya aka gama ƙera ta. Shekara tara ya yi a kan babur, rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, kafin Allah ya nufe shi da ita. To, abin nema ya samu. Tun daga ranar maƙwabta suka shiga makarantar kula da mota ba tare da sun nemi shiga ba.

Ranar Asabar kaɗai yake kai ta wajen masu wanki. Sai dai a wurinsa wankin nan ba shi ne aikin ba, aikin yana cikin kwana shidan da ke tsakani. Tsumma uku yake ajiyewa a bayan mota, kowanne da ledarsa: na jiki, na gilashi, na wili, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Ba ya yarda na wili ya taɓa jiki, wai baƙin nan da birki ke fesa wa wili garin ƙarfe ne, in ya hau fenti sai ya karce shi. Ba ya goge mota a bushe, sai ya yayyafa ruwa. Ba ya ajiye ta a inuwar darbejiya komai zafin rana, saboda 'ya'yanta da ke faɗowa da balbelun da ke sauka a kai. In kuwa aka yi rashin sa'a tsuntsu ya yi mata kashi, sai ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a wurin, ya tsaya a kai kamar mai jinya, sai abin ya yi laushi sannan ya ɗauke shi a hankali. Duk wanda ya tsaya kusa sai ya sha karatu: fenti fata ne, ba a dirzarsa, lallaɓa shi ake yi. Ranar da aka yi ruwa kuwa da ƙafa yake tafiya masallaci, don kada taɓo ya ɓata taya. Matarsa Kamila takan ce kowa motarsa ce ke ɗaukarsa, ban da Baban Rukayya, shi ne ke goyon tasa.

Cikin watan Agusta, damina ta kankama, mahaifiyarsa Inna Asta ta zo Gwarzo ganin likita saboda ciwon gwiwa. Daga wani ƙauye a bayan Gude ta zo, inda take zaune kusa da 'yarta Hajaratu. Gidansu asalinsu makiyaya ne, shanu suka ragu aka kama noma, amma kunyar nan ta iyaye da kakanni ko ƙwayar gero ba ta ragu ba. Uwaisu kuwa ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi Masanawa, can ya girma. Ga shi yanzu har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yau "wancan" take ce masa. In tana so ya ji magana sai ta dubi Kamila, ko ma bango, ta ce, "A ce wa wancan maganina ya ƙare," alhali yana zaune taku uku daga tabarmarta. In ya durƙusa gaisuwa, amsar ba ta wuce "lafiya" biyu, idonta na wani wuri.

Uwaisu ya san al'ada ce, ya sha faɗa wa kansa haka. Amma sani daban, zuciya daban. Yana ganin yadda take tsokanar Hajaratu, yadda take yi wa autanta faɗa tana dariya, can ƙasan ransa kuma bai taɓa daina zargin cewa shi ba a damu da shi ba. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Kamila.

Ranar Alhamis da yamma ya kai wa wani manomi kaya Madadi, ya dawo ta cikin caɓi. Wayewar garin Juma'a ya fita ya ga wili huɗun nan sun yi baƙi ƙirin, taɓo ya bushe a ƙasan ƙofofi, ga wata balbela marar mutunci ta yi masa sallama a kan murfin inji, har biyu. Ya so ya tsaya ya goge, sai aka kira shi a waya cewa mai motar kaya na jiransa a shago. Ya shigo tsakar gida yana ta mita. Ya ce da Kamila baƙin wilin nan ya kama, tsumma ba zai fitar da shi ba, kashin nan kuma in ya wuni a rana sai ya ci fenti. Ya faɗa, ya sake faɗa, yana neman hularsa. Inna Asta na zaune a baranda ta miƙe ƙafar da ke ciwo tana jan carbi, ko kallon inda yake ba ta yi ba.

Daga shago ya wuce masallacin Juma'a da ƙafa. Da aka idar ya biyo hanya tare da maƙwabta, su biyar ko shida, a cikinsu akwai Malam Sharfaddeen, dattijon da ke jan su salla a masallacin unguwa. Tun daga bakin layi Uwaisu ya hango wilin motarsa na ɗaukar ido, fari tas, har ya fara murna yana cewa Kamila ce ta sa aka wanke. Da ya matso sai murnar ta koma ciki.

An dirje motar. Murfin inji, inda kashin tsuntsun yake, ya yi fari-fari a zagaye, faɗin faifai biyu. Ƙofofin nan huɗu daga tsakiya zuwa ƙasa duk zane ne, layi a kan layi, shuɗin ya dusashe. Wilin da ya hango yana haske, ashe santsin kansa aka kankare har aka tarar da tsurar ƙarfe. A ƙasa ga ruwan toka ya kwanta yana bushewa.

Ya zagaya motar sau biyu. Abin da ya zo masa yaran unguwa ne, ko wani mai hassada. Ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ya ce, "Wane jahili ne ya yi mini wannan? Wane marar hankali? Ko wane ne, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

Malam Sharfaddeen ya ce, "Malam Uwaisu, yi a hankali. Ka fara bincike tukuna."

Bai rufe baki ba sai ga Inna Asta ta fito daga zaure tana ɗingishi, bokiti a hannu ɗaya, kwanon toka da soson ƙarfe a ɗayan. Ɗauraya ta ƙarshe ta fito yi. Ta zaɓi lokacin da maza suka tafi masallaci ne don kada kowa ya gan ta, sai aikin ya ja ta har aka sauko. Zanenta ya jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta dubi motar, wadda ɗazu da take jiƙe ƙyalli kawai take yi, ta ga yadda ta koma da ta sha iska. Sannan ta dubi Malam Sharfaddeen, ba ɗanta ba, ta ce, "Ni ce."

A nan ne ya kamata Uwaisu ya zube ƙasa. Maganar farko dai kowa shaida ne bai san da wa yake ba, kuma da ya durƙusa a lokacin da ko Malam Sharfaddeen sai ya taya shi ba da haƙuri. Amma zuciya ta riga ta hau, ga idon mutane, ga motar a gabansa kamar an yi mata sakiya. Sai ya buɗe baki ya ƙara ta biyu, wadda ba ta da mafaka.

Ya ce, "Haba Inna, wa ya aike ki? Ce miki aka yi tukunya ce? Komai sai an yi masa irin na ruga? Abin da ba ki sani ba ki bar shi mana."

Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Malam Sharfaddeen ya girgiza kai ya ce, "Magana zarar bunu ce," ya shige nasa zauren. Inna Asta ta ajiye bokitin a gindin bango a hankali, don kada ruwan ya fantsamu ga motar, ta juya ta koma ciki.

Kamila ta tare shi a tsakar gida idonta ya yi ja. Ta ce ta ga Inna na tankaɗen toka da rariya, ta zaci tukwane za ta wanke, don tun zuwanta ba ta bar tukunyar dalma ko ɗaya da baƙi a gidan ba. Ita kuma ta shiga ɗaki da goyo barci ya ɗauke ta. Ta ce, "Baban Rukayya, je ka ba ta haƙuri yanzu, tun abin bai kwana ba." Ya ce a ƙyale shi ya huce. Da yamma ya wuce ta gaban ɗakin da Inna take bai leƙa ba. Ya gaya wa kansa ai shi aka yi wa ɓarna, wanda aka yi wa ɓarna kuwa yana da ikon yin fushi na wuni ɗaya.

Asabar da sassafe ya tafi wajen masu wanki, yana fata ko ruwa da kumfa za su fitar da abin. Suka wanke, suka goge, zanen ya ƙara fitowa sarai. Da hantsi ya dawo gida ya tarar da tabarmar baranda a naɗe. Kamila ta ce Inna ta sa an kira mata ɗan acaba, ta ɗaure kayanta, ta tafi Gude. Ita Kamila ta roƙe ta har da kuka, ta tuna mata ranar Alhamis likita zai sake duba gwiwar, Inna ta ce ai ta ji sauƙi. Saƙo ɗaya ta bari: a ce wa wancan ya yi haƙuri.

Wannan saƙon ya fi zagi ciwo. Uwaisu ya zauna a bakin baranda, ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Mace mai ciwon gwiwa, a bayan babur, a kan hanyar damina, ga mota a ƙofar gida. Ya ce gobe zai bi ta. Gobe ta yi ya ce jibi, don bai san da wane ido zai dube ta ba.

Ranar Litinin ya tayar da mota, amma kada ka zaci wajen Inna ya nufa. Kabo ya tafi, wajen Musbahu mai fentin mota, abokinsa tun suna makarantar firamare. Ya ce wa kansa gara ya fara jin ko abin zai gyaru, don in ya je gare ta ya iya cewa ai ba komai, an gyara. Hujja ce mai kyau, irin wadda mutum ke ɗinka wa kansa in yana gudun wani wuri. Ya wuce mararrabar da ake shiga ƙauyensu Inna bai ko rage gudu ba.

Musbahu ya fito daga rumfarsa yana goge hannu, suka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa da damina. Sannan ya zagaya motar yana shafa ta da bayan yatsa. Ya ce murfin inji sai an sake fesawa. Ƙofofin zai gwada gogewa da inji, wataƙila su tashi, wataƙila kuma ba za su tashi ba. Da ya zo kan wili sai ya tsuguna. Ya zura yatsa ta tsakanin ƙarafan, ya zaro, ya duba, ya koma na gaba ya sake zurawa.

Ya ce, "Mutumina, gyaran gangar Auzinawa aka yi maka, wannan ba musu. Amma zo ka gani." Uwaisu ya tsuguna kusa da shi. "Dubi bayan notin nan. Dubi can ciki, inda hannu ba ya shiga sai an karkata shi. Babu baƙi ko ɗigo. Shekarata ashirin ina harkar mota, ban taɓa ganin mai wankin da ya bi wili lungu-lungu haka ba. Wannan sai an durƙusa a kan gwiwa, kowane wili ya ci rabin awa. Mai son ɓata maka mota ƙusa zai ɗauka ya ja layi ɗaya ya gudu. Wannan kuwa mai ƙaunarka ne, sani ne kawai ba shi da shi. Wane ne?"

Uwaisu ya ce, "Yara ne."

Musbahu ya ce, "To ka riƙe yaran nan da kyau, kuma kada ka dake su."

Ya ce a kawo motar wani makon. Uwaisu ya shiga ya kama hanya. Rabin awa sau huɗu, a kan gwiwar da ba ta iya sujada sai a zaune. Ga kuma ƙaryar da ya ƙara a kai, don kunyar ya ce uwarsa ce. Ya rasa wanne ya fi muni, zagin da ya yi mata a gaban maƙwabta ko ɓoye ta da ya yi a gaban aboki. Ya sake zuwa mararrabar nan, ya sa sigina, ya rage gudu, sannan ya kashe siginar ya miƙe Gwarzo. Ya tsani kansa a wannan yammacin, kuma da gaskiyarsa.

Talata ya wuni a shago yana ba mai neman irin masara maganin ciyawa. A masallacin unguwa babu wanda ya ce masa uffan, gaisuwa dai ake yi a taƙaice, sai Malam Sharfaddeen da ya tambaye shi, "Ya jikin Inna?" a gaban sahu, ya tsaya yana jiran amsa. Uwaisu ya ce da sauƙi, alhali bai sani ba. Laraba da safe Kamila ta ajiye masa koko ta ce, "Gobe ce ranar likita. In ba za ka je ba, ni zan goya Rukayya in hau mota in ɗauko ta." Bai sha kokon ba ya fita.

Hanyar ƙauyen ta cika da ruwa, dawa ta yi tsayi dama da hagu tana shafar jikin motar. Ya kutsa a haka har ƙofar gidan. Hajaratu ya fara tararwa a tsakar gida tana ba awaki dusa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi Kamila da yara da hanya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, amma fuskar nan babu annuri. Ta shimfiɗa masa tabarma nesa da ɗakin Inna, ta kawo ruwa, ta zauna a gefe.

Ya ce, "Ta gaya miki?"

Ta ce, "Inna ce za ta faɗa? Hannunta na gani, Yaya. Toka ta cinye mata 'yan yatsu, duk sun tsattsage, ko tuwo da cokali take ci. Gwiwar kuwa ta kumbura kamar tulu. Na tambaye ta ta ce tukwane ta wanke. Sai da na kira Kamila na ji sauran."

Ya sunkuyar da kai.

Hajaratu ta ce, "Kai ba a gabanta ka tashi ba, shi ya sa. Inna ba ta iya cewa tana son mutum ba. Abu ɗaya ta iya, ta ɗauki kayanka ta wanke har sai ka ga fuskarka a ciki. Da za a yi aurena kwana biyu ta yi tana dirzar tukwanena, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Kai kuma me za ta wanke maka? Tufafinka matarka ke wankewa, kwanonka ma haka. Shekara arba'in da biyu ba ta sami abin da za ta yi maka da hannunta ba, sai ranar nan da ta ji kana kuka da baƙin ƙafar mota."

Ta tsaya ta kori wata akuya da ke neman shiga rumbu, ta dawo.

"Ka tuna ranar da ka fara kawo motar nan? Ka zaci ba ta duba ba, ko? Kana tafiya ta fita ƙofar gida, ta sami inda tayarka ta taka a kan danshi, ta kifa tsohon kwando a kai don kada awaki su tattake. Duk matar da ta shigo sai ta ɗaga mata kwandon ta ce, wancan ne ya yi mota. Kwana goma sha ɗaya yana nan, sai da ruwan sama ya wanke shi."

Uwaisu bai san sanda hawaye ya zubo masa ba. Abin da ya yi shekaru yana zargin babu, ashe yana nan tun tuni, shi ne bai san inda ake ajiye shi ba. Ranar da aka fito masa da shi fili kuma ya ce, "Wa ya aike ki?"

Ya tashi ya yi sallama a ƙofar ɗakin. Inna Asta na zaune a bakin gado, ƙafar a miƙe an ɗaure gwiwar da tsumma, hannuwanta na sheƙin man kaɗe. Hajaratu ta biyo shi ta tsaya daga bakin ƙofa, don ta san ba za a yi maganar ba sai da ita. Ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya gaishe ta, ta amsa da lafiyarta biyu. Ya ce, "Inna, na zo ki yafe mini. Na yi kuskure, na yi rashin kunya, ba ni da abin cewa. Ki yi mini duk abin da kika ga dama, amma ki yafe mini."

Ta dubi bango. Sannan ta ce da Hajaratu, "A ce masa ni na yi ɓarna. Wanda ya yi ɓarna shi ke ba da haƙuri." Ta ƙara da cewa, "A ce masa abu ɗaya nake roƙo. Allah ya isan nan da ya yi, ya janye ta. Dukiyarsa ce, yana da hakki. Na tsufa, ba na so in je kabari da hakkin kowa a kaina."

Ashe abin da ya hana ta sukuni kwana biyar ke nan. Ba zagin ba, ba idon maƙwabta ba. Tsoro take ji kada Allah ya kama ta saboda ɗanta. Uwaisu ya fashe da kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar kakarsa. Ya ce ya janye, ya janye duniya da lahira, motar da shagon da shi kansa duk nata ne, ta ƙona su ma in tana so. Ya yi ta maimaitawa har Hajaratu ta ce ya isa haka, Yaya.

Inna Asta ta ce, "To. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Allah ya yi albarka." Bango ta gaya wa, amma ya ji, ya ce amin, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Da ƙyar Hajaratu ta shawo kanta ta yarda ta bi shi Gwarzo saboda likita. Aka haɗa mata ƙullin kayanta, aka sa ƙwaryar fura da Hajaratu ta ce a kai wa Kamila. Uwaisu ya riga su fita, zuciyarsa fes, har yana tsara yadda zai ba Kamila labari. Ya matso da motar daf da ƙofar gida don kada Inna ta yi tafiya mai nisa, ya zagayo ya buɗe mata ƙofar gaba ya riƙe.

Ta fito tana dafe da kafaɗar Hajaratu, taku ɗaya-ɗaya. Da ya rage kamar taku biyu sai ta tsaya. Mai ciwon gwiwa ba ta iya shiga mota sai ta dafa wani abu, ta san haka, shi ma ya sani. Ta miƙa hannu wajen ƙofar, kafin ya kai ta janye shi da sauri, ta cusa hannuwan biyu cikin mayafinta ta ƙanƙame su a ƙirji. Ta dubi ƙofar, ta dubi kujerar, ta dubi rufin, tana neman wuri.

Uwaisu ya ce, "Bismillah, Inna, shiga mana."

Ba ta motsa ba. Ta karkata wajen Hajaratu, ta rage murya, da gaske take tambaya, ba gatse a ciki ko kaɗan.

"Tambayi wancan, ina ne in na taɓa ba zai lalace ba?"